Haƙƙin wanda ya koya maka, da kuɗin aikinka na farko

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyayenka da ƙannenka, saƙonka ya iso ni, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna amsawa. Ka ce ka kusa shekara kana koyon gina shafukan intanet, wani ɓangare daga bidiyoyin YouTube da darussan freeCodeCamp, shafin da ke koyar da wannan sana'a kyauta, wani ɓangare kuma a ofishin wani bawan Allah na unguwarku da ya bar ka kana zama gefensa kana taɓa kwamfutarsa. Yanzu wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda a ofishin nan ka fara ganinsa, ya kira ka gefe yana so ka yi masa shafi a kan kuɗin da bai kai na maigidan ba. Kana tambaya ko al'adar ubangida da yaronsa ta hau kanka, tunda ba wanda ya kai ka da goro ya danƙa ka a hannunsa, sannan idan kuɗin ya shigo, wa ke da haƙƙi a cikinsa.

Bari in fara da yadda muka taras da abin. A da, uba ne ke kama hannun ɗansa ya kai shi wurin mai sana'a, ya ajiye goro, ya ce ga amana nan na kawo maka. Daga ranar yaro ya zama ɗan gida. Idan maƙera ce, zai daɗe yana zuga wuta kafin a bar shi ya ɗaga masaba a kan uwar maƙera, idan kuwa ɗinki ne, sai ya ƙoshi da sa maɓalli da guga kafin almakashi ya shiga hannunsa. Maigida na ciyar da shi, yana ba shi na sabulu, yana kuma tsawata masa kamar ɗan cikinsa. Ranar da aka ga hannunsa ya faɗa, sai a tara 'yan sana'a a yi addu'a a yaye shi, a ba shi kayan aiki, ko a sallame shi da jari idan a kasuwa ne. Ko bayan haka ba ya yanke gaisuwar Sallah, kuma ba ya zagayawa ta bayan shago ya janye mutanen maigidansa.

Ni kaina haka aka yi mini. A 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, kakanka ya kai ni wata ƙaramar maɗaba'a a Zariya. Wajen shekara biyu aikina shi ne wanke tawada da kananzir da mayar da harufan dalma cikin gurabensu ɗaya bayan ɗaya, har yatsuna suka san wurin kowane harafi ba tare da na duba ba. Ranar da aka fara ba ni jera katin ɗaurin aure, maigidana ya ɗauki gwajin farko ya kai shi bakin taga, ya ɗora farcensa a kan wata kalma, bai ce komai ba. Na sa k a inda ya kamata in sa ƙ, sunan unguwar ango ya koma wani abu dabam. Na warware layin na sake jerawa, kuma wannan farcen ya koya mini abin da littafi bai koya mini ba.

To, na fahimci inda shakkarka ta fito, kuma tana da tushe. Ilimin da kake nema ba sirrin gidan kowa ba ne kamar yadda haɗin baba yake a hannun marina. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila, shi ya ƙirƙiro tsarin shafukan nan a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, kuma a 1993 cibiyar ta sake shi ga duniya kyauta. HTML da ake kafa ƙashin shafi da shi, da CSS da ake yi masa ado, da JavaScript da ke sa shi motsi, duk a buɗe suke ga wanda ke da waya da data. Saboda haka mutumin nan ba zai ce shi ya mallaki abin da ke kanka ba, kuma ba ka zama yaronsa na har abada ba. Amma ka tambayi kanka abin da ya ba ka wanda bidiyo bai ba ka ba. Ya ba ka kujera da wutar janareto da ya sayi manta da kuɗinsa. Ranar da shafinka ya tsaya daidai a kwamfuta amma ya watse a fuskar waya, shi ya leƙo ta kafaɗarka ya nuna maka layin da ka ɓata. A gabanka yake magana da masu kawo aiki, a nan ka ji yadda ake yanka farashi da yadda ake haƙuri da mai canja ra'ayi sau biyar. Wanda ya yi maka wannan ubangidanka ne ko an kai goro ko ba a kai ba, kuma rashin kai goron laifinmu ne mu manya. Zan yi wa mahaifinka magana mu je mu gaishe shi mu yi masa godiya, don ba a makara ba.

Game da mai atamfar nan, hukuncina ɗaya ne: kada ka karɓi ko kwabo daga hannunsa sai ka je ka faɗa wa maigidanka da bakinka. Ba a titi ka tsinci mutumin ba, albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko. Idan sun riga sun fara magana a kan wannan aikin, to ka janye hannunka gaba ɗaya, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Idan kuwa ba su fara ba, mai yiwuwa ya ce aikin ya yi masa ƙanƙanta, je ka yi, ko ya ce ku yi tare ya duba maka. Ko wanne ya zaɓa ka ci riba, domin ka fita da yardarsa, kuma gobe idan aiki ya fi ƙarfinka kana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Shi ma mai atamfar, da ya ga ka ƙi zagaye wanda ya koya maka, zai san irin hannun da zai bar wa kayansa.

Idan aikin ya zama naka, ku rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai, ko da a saƙon waya ne: shafi nawa, hoto nawa, gyara sau nawa, da ranar miƙawa. Ka karɓi kafin alƙalami, wannan ba rashin kunya ba ne, tela ma yana karɓa.

Akwai abu guda da nake so ka riƙe fiye da batun kuɗi, domin ni ya taɓa cizo na. Da muka koma bugu da kwamfuta, na sa wani matashi ya yi wa shagona shafi, na biya shi, na buga adireshin a kan katunana da rasitaina da allon ƙofar shago. Ashe sunan shafi haya ce da ake sabuntawa duk shekara, haka ma masaukin da ake ajiye shi, kuma yaron da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar komai. Shekara na zagayowa shafin ya ɗauke, shi kuma ya bar gari, lambarsa ba ta shiga. Na zauna ina kallon kwalin katuna ɗauke da adireshin da ba ya kai kowa ko'ina. Don haka ko sunan da ke ƙarewa da .com.ng ne, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa a Najeriya, ko .com ne, ka yi shi da sunan mai kaya, ka miƙa masa kalmar sirrinsa a rubuce, ka faɗa masa watan da kuɗin sabuntawa zai zo. Yadin da aka kai wa tela na mai yadi ne har ƙyallen da ya rage. Idan kuma shafin zai karɓi sunaye da lambobin wayar masu saye, su ma amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan da ta hau kan mai riƙe su. Sannan, don Allah, idan da Hausa za ka rubuta, ka zaɓi samfurin rubutun da ke da ɓ da ɗ da ƙ, ka gwada shi a ƙaramar waya mai arha irin wadda yawancin masu sayen atamfa ke riƙewa, kada harufanmu su fito kamar akwatuna.

Saura kuɗin farko. Al'adarmu ita ce a kai shi gaban iyaye dungurungum, ba a cire komai ba. Ba don suna bukata ba ne, don su sa albarka ne. Nawa naira biyu ne, na durƙusa na ajiye wa kakarka a kan tabarma, ta ɗauki kaɗan ta aika aka sayo goro da alewa aka raba wa maƙwabta, ta mayar mini da sauran ta ce in sayi abin da zai taimaki aikina. Ko ta banki aka turo maka, ka ciro shi ka kai wa mahaifiyarka a hannu, mahaifinka yana zaune. Daga abin da suka mayar maka sai ka fitar da ihsani ga maigidanka, ko man janareto ne ko turare, gwargwadon ƙarfinka, kuma ko ya ce ka bar shi ka ajiye masa. Sauran kada ya tafi a sabon takalmi, ka fara tara na kwamfutarka, ko ta hannu ce, domin ranar da ka daina aron tasa ita ce ranar da za mu yi maganar yaye.

Ka je wurinsa da safe kafin mutane su taru a ofishin, ka gaishe shi, ka zauna, ka faɗa masa yadda kuka yi da mai atamfar ba ragi ba ƙari, har da kuɗin da ya taya. Abin da ya ce maka ka rubuto mini, kuma ka shaida wa mahaifinka ina nan tafe ranar Asabar in Allah ya yarda.

Baffanka.