Ga 'yar'uwar da ke tambaya ko jama'a za su zaɓi mace

'Yar'uwa, kin ce kina son tsayawa takarar majalisa, amma duk wanda kika shawarta sai ya ce miki jama'a ba sa zaɓen mace, shi ne kike tambaya ko gaskiya ne ko kuwa tsorata ki ake yi. Na daɗe ina yi wa mata 'yan takara aikin kamfe, wasu sun ci, da yawa ba su ci ba. Abin da na gani da idona, akasarinsu tun a cikin jam'iyya aka gama da su, sunansu bai ma kai kan takardar ƙuri'a ba, balle a ce talaka ya ƙi su.

Da farko za a karɓe ki hannu bibbiyu, a yi miki rangwamen kuɗin fom ko ma a ba ki kyauta, a ɗauki hoto a watsa. Da zaɓen fid da gwani ya matso sai a fara zama. Zaman da ake yanke magana kuwa na tsakar dare ne, a falon wani jigo ko a ɗakin otal. In kin je, kafin gari ya waye an ɓata miki suna. In ba ki je ba, da safe a kira ki a ce dattawa sun yi masalaha, ki janye wa wane. Wata da na yi wa aiki, ina zaune a gefenta wani jigo ya dube ta ya ce, "Hajiya, ke da ko kuɗin fom ba ki biya ba, asarar me za ki yi?" Ta yi shiru, hannunta na rawa a kan fayil ɗin sunayen magoya bayanta da ta yi watanni tana tarawa unguwa-unguwa. Daga baya aka lallashe ta da muƙamin shugabar mata, wato ta cika fili ranar gangami, amma babu ita a ɗakin da ake rubuta sunayen daliget.

Sai maganar baki, wadda ta fi komai karya zuciya. Namiji in za a soke shi, a kan kuɗi ne ko alkawarin da bai cika ba. Mace kuwa mutuncinta ake nufa kai tsaye. In tana da aure, a ce ta fi ƙarfin mijinta, wa ta bar wa yara? In ba ta da shi, a ce wadda ta kasa riƙe gida ina za ta riƙe jama'a? Ta ɗaga murya a ce ba ta da kunya, ta yi sanyi a ce ba za ta iya ba. Kuma kada ki ɗauka cutar ƙasa ɗaya ce. A 2017, Jacinda Ardern na karɓar shugabancin jam'iyyarta a New Zealand aka hau tambayarta ko tana da niyyar haihuwa. Ƙungiyar majalisun dokoki ta duniya, IPU, ta tattauna da mata 'yan majalisa 55 daga ƙasashe 39 a 2016: sama da kashi 80 cikin ɗari sun ce sun sha cin mutunci da tsangwama, sama da kashi 40 kuma an yi musu barazanar kisa, fyaɗe, duka ko sacewa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a zamanin jam'iyyar NEPU saboda ta ce mata ma su jefa ƙuri'a.

Shi mai zaɓe kuma, eh, akwai wanda zai ce miki har abada ba zai bi mace ba. Amma ra'ayin nan yana sauyawa in mutane suka ga mace a kan kujera tana aiki. Indiya ta ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka a 1993. Masu bincike da suka bi diddigi a jihar Bengal ta Yamma sun tarar cewa inda mace ta yi shugabanci sau biyu, mata sun fi fitowa takara suna ci ko bayan an buɗe kujerar ga kowa. Senegal ta kafa dokar raba jerin 'yan takara daidai tsakanin maza da mata a 2010, zaɓen 2012 ya kai mata sama da kashi 40 na majalisa. Ruwanda ta wuce kashi 60. A Najeriya kuwa majalisa ta yi watsi da ƙudurorin ƙara wa mata kujeru a watan Maris na 2022, bayan zaɓen 2023 aka tashi da mata huɗu kacal cikin sanatoci 109. Na san ware kujeru yana da nasa aibin, don wani lokaci matar jigo ko 'yarsa ake ɗorawa, shi yana juya ta daga baya. Duk da haka ina goyon bayansa, domin ban ga wata hanyar da ta buɗe ƙofa da sauri kamarsa ba.

Saboda haka ki fito, amma kafin ki buga fosta ko ɗaya ki fara daga gida. Ki zauna da maigida da iyaye da 'yan'uwa, ki faɗa musu irin ƙazafin da za su ji, don ranar da ya zo kada ya same su ba shiri. Na ga takara mai ƙarfi ta rushe saboda saƙon murya ɗaya da aka tura wa miji. Ki karanta kundin tsarin jam'iyyarku da kanki, ki san yadda ake fitar da daliget, ki san su ɗaya bayan ɗaya tun daga mazaɓa. In da hali ki biya kuɗin fom ɗinki cikakke, ki riƙe rasit. Zaman dare in ya zama dole ki je, amma da rakiyar mutanen da ake jin nauyinsu. Duk barazanar da aka turo miki ki adana ta, ki kai rahoto a rubuce. Ranar fid da gwani kuma ki tanadi ejan-ejan naki na amana, waɗanda ba za su bar wurin ba sai an ƙirga an sa hannu a gabansu.