Maman Sadik, kafin ki kai shi gwajin basira

Maman Sadik, sannu da haƙuri. Tambayarki ta sosa min rai, don ciwon da kika faɗa na san shi. Yaro shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu, ya zauna jarrabawar makarantar masu hazaƙa, sunansa bai fito ba, yanzu an ce ki kai shi a yi masa gwajin IQ, wato gwajin basira, ki haɗa da takardar ƙorafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allon nan yana bin sunaye da yatsa har ƙasa, ya koma sama ya sake bi, yaro na gefe yana kallon fuskarsa, ya san halin da kike ciki.

Gaskiya zan gaya miki tun da wuri. Takardar gwajin ita kaɗai ba za ta buɗe miki ƙofar ba. Makarantun nan da makin jarrabawarsu da yawan gurbin da suke da shi suke ɗaukar ɗalibai. Don haka kada ki sayar da akuya ki hau motar birni kafin ki san dalilin da ya sa aka bar shi. Makinsa ne bai kai ba? Shekarunsa ne suka wuce? Ko ya ci, gurbi ne ya ƙare? In ana raba gurabe tsakanin ƙananan hukumomi, to Jigawa 27 gare ta, ki lissafa kason da zai zo wa taku. Ko kuwa kuskure ne tun daga fom? Na ƙarshen nan ya fi ƙona min rai, don ya yi yawa a makarantun ƙauyukanmu: an rubuta lambar wani a kan sunan wani, an juya ranar haihuwa, an liƙa hoton da ba nasa ba.

Akwai kuma takardar amsa ta injin maki, wadda ake cike da fensirin HB. Yaron da bai taɓa riƙe irinta ba sai ranar jarrabawa, in ya tsallake tambaya ta 7 bai tsallake layinta ba, duk amsoshin da suka biyo baya sun zame da layi ɗaya. Ya san amsa, amma inji bai san da haka ba. Ki tambayi Sadik a hankali, ba a gaban mutane ba: ya tsallake wata tambaya? Ya goge da yawa? Lokaci ya ishe shi?

Abin da ba na iya yafewa shi ne yadda wasu ma'aikata ke karɓar iyaye. Kin taso tun asuba, kin biya kuɗin mota, ki tarar da mutum ko ɗago kai ba zai yi ba, ya ce "ba sunansa, sai baɗi". Wani har ya ƙara da cewa ai 'yan ƙauye kansu ba ya ja, a gaban yaron! Shi ya faɗa ya manta, yaro kuwa zai kwana da maganar, ya tashi da ita, ya shiga aji da ita. Da kin fito ƙofa kuma ga masu cewa ki kawo wani abu a "saka suna". Kada ki ba kowa ko sisi. Allah ya isar wa yaran nan.

To, takardar ƙorafi. Shafi ɗaya ya isa. Sunan yaro kamar yadda yake a fom, lambar jarrabawa, cibiyar da ya zauna, sannan roƙo ɗaya: a nuna miki makinsa darasi-darasi, a sake duba takardarsa. Hedimasta ya sa hannu da hatimi, ta bi ta ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Ki haɗa sakamakonsa na aji huɗu zuwa shida. Kwafi biyu za ki yi, su buga hatimin karɓa a ɗaya ki dawo da shi gida. Takardun asali kada su bar hannunki. Kuma ki hanzarta, don da ɗalibai sun koma makaranta magana ta yi nauyi. A nan ne za ki tambaye su baki da baki ko suna duba rahoton gwaji daga waje. In sun ce a'a, kin tsira da kuɗinki.

In sun ce suna dubawa, ko ke da kanki kina son sanin inda yaronki yake, to a yi shi yadda ya kamata. Ba wanda ake yi a waya ko a shagon kwamfuta a buga miki takarda mai ado ba, wannan ba mai kallonsa. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ne ke yi. Ki fara tambaya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, ko sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, su nuna miki wanda ke da kayan gwajin. Kada sunan sashen ya tsorata ki, kuma ki yi wa babansa bayani tun a gida, don kada dangi su ji su ce an kai yaro asibitin masu taɓin hankali.

Gwajin da aka fi sani shi ne WISC, na 'yan shekara 6 zuwa 16. Yaro shi kaɗai da mai gwaji, awa ɗaya ko fiye. Za a ba shi 'yan katakai masu ja da fari ya jera su yadda hoto ya nuna, a karanta masa lambobi ya maimaita a jere sannan a juye, a tambaye shi ma'anar kalmomi. Matsakaicin maki 100 ne, 130 kuwa kusan yara biyu cikin ɗari ke kaiwa. Matsalar ita ce da Turanci aka tsara shi, kuma da yaran Amurka da Ingila ake auna sakamakon. Yaron da ya tashi da Hausa da allo zai yi asarar maki a ɓangaren kalmomi ba don ƙwaƙwalwarsa ta gaza ba. In mai gwaji ya ce zai riƙa fassarawa nan take, makin wannan ɓangaren ya lalace. Ki roƙi a haɗa masa da Raven, wanda zane ne zalla: a nuna masa tsari da gurbi, ya zaɓi abin da ya cike shi. Babban yana da tambaya 60, mai launi na ƙananan yara 36. Kuma lallai rahoton ya faɗi harshen da aka yi amfani da shi, da makin kowane ɓangare daban, ba lamba ɗaya kawai ba. Ita ma lambar tana iya motsawa da kamar maki 5 sama ko ƙasa, don haka samun 126 maimakon 130 ba faɗuwa ba ce.

Shekaru, don Allah. Da shekara da wata ake lissafin makin. In an rage masa shekara ɗaya a takardar rantsuwa ta kotu, maki zai kumbura, in an ƙara masa zai faɗi. Ki nemo katin rigakafinsa ko takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ki ba su ranar gaskiya.

Ranar gwaji ya yi barci sosai, ya karya kumallo. In zai yiwu ku kwana a birni wajen 'yan'uwa, kada ya sauko daga doguwar tafiya ya shiga kai tsaye. In yana zazzaɓi a ɗaga. A duba idonsa da kunnensa tukuna, yara da yawa ba sa ganin allo sosai kuma ba wanda ya lura. Kada a koya masa tambayoyin, mai gwaji zai gane, kuma ba a maimaita gwaji iri ɗaya sai an yi kamar shekara.

Ko wannan ba ta yiwu ba, akwai jarrabawar masu hazaƙa ta NECO ta shiga makarantar tarayya da ke Suleja, sai dai tana da iyakar shekaru, ki sa hedimasta ya duba miki. Bayan aji uku na ƙaramar sakandare kuma ga makarantun kimiyya, Kafin Hausa a nan Jigawa, Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a Kano, waɗanda suka daɗe suna yaye ɗaliban da suka zama likitoci da injiniyoyi, da yawansu 'ya'yan manoma. Ki samo masa tsofaffin takardun tambayoyi da takardar amsa ta inji, ya riƙa cikewa da agogo a gabansa, ko sau ɗaya a mako. In kin samo makinsa darasi-darasi ki faɗa min, mu ga ko lissafi ne ko Turanci ya ja shi baya.