Amsa ga 'yar'uwar da maganin hawan jini ya sa wa tari

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, cewa wata biyu ke nan da aka ɗora ki a kan lisinopril, busasshen tari ya hana ki barci, har kina tunanin ajiye ƙwayar ki koma shan zoɓo da tafarnuwa kamar yadda maƙwabciyarki ta ba ki shawara. Da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru, domin hanyar da kike shirin bi na riga na bi ta a shekarar 2019, kuma saura ƙiris ta kai ni lahira.

Tarin nan gaskiya ne, ba raki ba ne. Wani ƙaiƙayi ne yake tsayawa a maƙogwaro, babu majina, babu zazzaɓi, amma da zarar an kwanta sai ya taso. Ni da nake koyarwa, akwai ranar da na fita daga aji hawaye na zuba, yara suna tambayar ko rasuwa aka yi mini. Sananne ne cewa lisinopril da danginsa, irin su enalapril da captopril, suna jawo wa wasu mutane wannan tari, kuma mata sun fi fama da shi. Ni babu wanda ya faɗa mini haka ranar da aka rubuta mini maganin.

Maimakon in koma asibiti, sai na nufi wani kemis a nan unguwarmu, Tudun Wada. Yaron da ke tsaron shagon bai tambaye ni ko ina shan wani magani ba, bai ma ɗago kai daga wayarsa ba sai da na maimaita magana. Ya ɓalle ƙwayoyi daga katunansu, ja da fari da rawaya, ya zuba a 'yar farar leda ya ƙulle, ya ce in sha safe da yamma. Sau uku ina komawa, sau uku yana sauya mini haɗi, yana ƙara mini da maganin tari na kwalba. Da na yi masa ƙorafin ciwon gwiwa kuma ya ƙara mini diclofenac, wanda sai daga baya na san cewa yana ɗaga jini, yana cin ciki, yana kuma wahalar da ƙoda, musamman idan ya haɗu da irin maganin da nake sha. Har yau idan na wuce ƙofar shagon nan sai raina ya sosu. Na taɓa tsayawa na gaya wa mai shagon abin da ya faru, buɗar bakinsa sai ya ce ai ni na zo da ƙafata. Ko sannu bai ce mini ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Da tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wata abokiyar aikina ta ce maganin Bature ne bai karɓe ni ba. Na daina sha, na koma zoɓo da dafaffen zogale da wani gari da na saya a wurin masu tallar magani a mota da lasifika kusa da Kasuwar Barci. Cikin mako biyu tari ya tafi, na shiga yi wa kowa albishir cewa na warke. Ashe jinin yana can yana hawa ban sani ba, tun da hawan jini ba ya sallama. Wata ranar Alhamis bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, sai ƙeyata ta sara kamar an buga mini taɓarya, rariyar ta faɗi daga hannuna, na ga 'yata ta zama biyu. Ina jin muryarta tana kiran babanta amma harshena ya yi nauyi. A Keke Napep aka kai ni asibiti, kaina a cinyarta, ko mayafi babu. Awon farko ya nuna 210 bisa 120. Kwana huɗu na yi a kwance, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin autana a bakin ƙofar ɗakin yana leƙe, an hana shi shiga.

Likitar da ta duba ni ta saurari labarin, ta ce da na dawo tun farko da minti biyar ya ishe mu. Ta sauya mini zuwa losartan, tarin bai sake dawowa ba. Wasu kuma amlodipine ake ba su, shi ma yana da nasa halin, domin yayata ƙafafunta ne suke kumbura da shi har takalmi ya ƙi shiga. Saboda haka kada ki karɓi na wata ki sha don ya yi mata daɗi. Ki koma wurin wanda ya rubuta miki, ki tafi da kwalin maganin a hannu, ki faɗa masa ranar da tarin ya fara. Bayan an sauya, tarin kan ɗauki mako ɗaya zuwa huɗu kafin ya lafa, wani lokaci ma ya fi haka, don haka kada ki karaya. Tun da ya wuce mako biyu, ki nemi a yi miki gwajin tarin fuka ma, kyauta ne a asibitocin gwamnati, hankalinki zai fi kwanciya.

Ban san shekarunki ba, amma idan kina da juna biyu ko kina sa rai, ki faɗa tun kafin a ɗauki biro, domin lisinopril da losartan duka suna cutar da ɗan tayi. Idan kuwa kika ga leɓe ko harshe ko fuska sun kumbura, wannan ba na jiran wayewar gari ba ne, asibiti za ki nufa a take.

Ba zagin zoɓo nake yi ba. Har gobe ina shan sa ba sukari, kuma an tabbatar yana ɗan sauke jini, sai dai ɗan saukin nan ba zai riƙe wanda jininsa ya yi nisa ba. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa a girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa miyar kuka ɗaya sai mu jefa mata dunƙule huɗu. Maigidana ya yi wata guda yana mita kafin bakinsa ya saba. Garin nan da na saya kuwa, ko suna babu a jikin ledarsa, balle lambar NAFDAC, kuma ko maganin gargajiyar da ke da lambar, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk cututtukan da ake lissafawa a lasifika.

Na'urar awon jini ta gida ta yi tsada yanzu, na sani, mu ma karo-karo muka yi da yayata muka sayi guda muna karɓa-karɓa. Ki riƙa rubuta awon a littafi kina kai wa likita. Ki daure ki je gobe da safe, kuma don Allah ki dawo nan ki gaya mana abin da aka sauya miki. Allah Ya ba ki lafiya.