Inshorar mai gida ba ta rufe kayan ɗan haya

Malam, ka ce kana haya a Barnawa, mai gidanku ya yi wa gidan inshora, kana tambaya ko hakan ya isar maka. Bai isar ba. Abin da ya yi wa inshora gini ne: bango, rufi, ƙofofi. In gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, shi za a biya; katifarka, firij da keken ɗinkin uwargida ba sa ciki. Sai ka yanki taka ta kayan cikin gida.

Kuma kada ka ɗauka ta ɗauke komai. Ambaliya sau da yawa sai an rubuta ta musamman a takarda, kuma mai zama kusa da Kogin Kaduna ya san halin damina. Sata ma, galibi sai an ga alamar ɓalle ƙofa ko taga. Sannan yawanci darajar kayan ranar asara ake biya, ba kuɗin sabo ba, don haka adana rasit da hotuna.

In batun halacci ke damunka, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ko wanne ka zaɓa, tabbatar yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, kafin ka biya ko sisi.