Amsar tambayarka kan Turancin masu sana'a

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce matuƙin jirgi da likita da lauya duk Turanci suke yi, amma kowa da irin nasa, har kana zargin al'ada ce kawai ta nuna isa. Akwai masu yin hakan, ban musa ba. Amma asalin abin, kowace sana'a ta gyara harshenta ne daidai da irin asarar da kuskure zai jawo mata.

Na matuƙan jirgin sama shi ya fi taɓa mini zuciya, domin sai da aka yi asarar rayuka kafin ya kai yadda yake. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Cikin dalilan har da rashin fahimtar juna a rediyo: matuƙi ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali ba a ba shi ba. Tun daga nan ba a furta kalmar "takeoff", wato tashi, sai lokacin ba da izinin ko soke shi, a sauran magana "departure" ake cewa. Tara kuwa "niner" suke kiranta, don kada kunne ya haɗa "nine" da "five", wato biyar, idan rediyo na ƙara. Umarnin da aka ba matuƙi sai ya maimaita shi da bakinsa, mai ba da umarnin ya ji. Daga 2008 hukumar ICAO mai kula da sufurin jiragen sama a duniya ta shar'anta wa matuƙa masu zirga-zirgar ƙasa da ƙasa kai mataki na 4 cikin 6 a jarrabawar Turanci. Ka ga wannan Turanci ne da aka rage wa ado da gangan. Matuƙan jirgin ruwa ma suna da nasu jumloli tsayayyu.

Likita kuma yawancin manyan kalmominsa daga Latin da Girkanci aka aro su. "Hyper" yawa ne, "hypo" ƙaranci, kuma a kan sukarin jini wannan ɗan bambancin shi ke nuna ko a ba mutum allurar insulin ko a ba shi sukari. Tsakaninsu da juna wannan harshe rahama ne. Inda raina ke ɓaci shi ne likitan da zai juyo ga majinyaci a tsorace, ya ci gaba da shi kamar da abokin aikinsa yake magana.

Lauya shi ne na fi yi wa ƙorafi. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya daɗe a kotunanta, shi ya sa har yau za ka ga kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya a jere, ɗaya ta Turanci ɗaya ta Faransanci, kamar "will and testament", wato wasiyya. Hujjar lauyoyi ta riƙe tsofaffin kalmomi ita ce kalmar da alƙalai suka riga suka fassara ta fi sabuwa aminci. Na yarda, amma mai sa hannu a takarda yana da haƙƙin ya gane abin da ya ɗauka wa kansa.

Don haka duk ranar da aka miƙo maka yarjejeniya ko takardar asibiti, kada kunya ta hana ka cewa a yi maka bayani dalla-dalla kafin ka ɗauki biro.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya yi maka albarka.