An Fara Wa Mahaifiyata Magani Kafin Sakamakon Gwaji Ya Fito

Tambaya: Likita, mahaifiyata mai shekara 68 ta fara ciwon kai a gefen goshi, har ba ta iya taje kai. Likita yana zargin kumburin jijiyar jini ta gefen kai, ya ɗora ta a kan maganin rage kumburi mai suna prednisolone alhali ba a yanki jijiyar an gwada ba. Ba gaggawa ya yi ba?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya. Likitanta ya yi daidai. A wannan ciwo garkuwar jiki ce ke afka wa bangon jijiyoyin jini, su kumbura, hanyar jini ta ƙuntata. Idan abin ya kai ga jijiyar da ke kai wa ido jini, gani na iya ɗaukewa farat ɗaya, kuma da wuya ya dawo. Ɗaya idon ma na iya bi cikin kwanaki. Shi ya sa ba a jiran sakamako.

Kusan sai wanda ya haura shekara 50 yake kamawa, kuma ya fi yawa a mata. Ku tambaye ta ko muƙamuƙinta na gajiya ko ciwo in tana tauna, ya lafa in ta daina. Wannan alamar ta fi ciwon kan ma nuni ga ciwon. Wasu kan tashi da safe kafaɗu da ƙugu sun sage.

Gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna kumburi a jiki, yakan hau sosai. Ana kuma haska jijiyar da na'urar sikanin, ko a yanko ɗan guntunta a duba. Maganin ba ya ɓata wannan gwajin idan an yi shi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sai dai kumburin tsallake-tsallake yake yi, don haka guntun da aka yanko zai iya fitowa lafiya ƙalau alhali ciwon na nan.

Yawanci ana fara prednisolone da miligiram 40 zuwa 60 a rana, a riƙa ragewa sannu a hankali tsawon shekara ɗaya zuwa biyu. Kada ta daina sha kwatsam ko da ta ji sauƙi. Saboda illolin maganin, a riƙa duba sukari da hawan jini, a ba ta maganin kare ƙashi. Wasu ana ƙara musu allurar tocilizumab don a rage yawan prednisolone.

Idan ta ga dishi-dishi, ko abu ɗaya ya zama biyu, ko gani ya ɗauke ko na minti ɗaya ne, ku kai ta asibiti nan take. A irin wannan hali ana ba da methylprednisolone, dangin prednisolone, ta jijiya na kwana 3.