Amsa ga Yaya kan 'ya'yanmu da ke Jami'ar Howard

Yaya, barka da war haka. Ka tambaya me ya sa mu Hausawan yankin Washinton muke kai 'ya'yanmu "makarantar baƙaƙen fata", wai ko ta Turawa ce ta ƙi karɓarsu. Tambayar ta ɗan sosa mana rai, amma ga yadda abin yake.

An kafa Howard a 1867, shekara biyu da gama yaƙin basasar Amurka, domin bayin da aka 'yanta, lokacin da galibin jami'o'i suka rufe musu ƙofa. Sunan na Janar Oliver Otis Howard ne, Bature, shugaban hukumar kula da 'yantattun bayi. Irinta sun kai wajen ɗari a ƙasar, kuma ba a hana kowa shiga saboda launin fatarsa. Nan Thurgood Marshall ya gama karatun lauya a 1933, shi ne ya ja ragamar shari'ar da ta rushe wariya a makarantun gwamnati a 1954. Kamala Harris, tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka, ta gama a nan a 1986. Zik (Nnamdi Azikiwe) ma ya yi karatu a can kafin ya koma Jami'ar Lincoln. Howard tana da makarantar likitanci da asibitin koyarwa nata a titin Jojiya. Ba makarantar 'yan rabbana ba ce.

Inda ake jin jiki shi ne kuɗi da masauki. Yaron da aka haifa a nan, ko mai katin zama, yana cike fam ɗin FAFSA ya nemi tallafin gwamnati. Wanda zai taso daga Kano ba shi da wannan gata. Sai ya nuna kuɗin shekara guda a banki, jami'a ta ba shi takardar I-20 mai shaidar ta ɗauke shi, ya biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje, sannan ya nemi bizar ɗalibai ta F-1. Aikin da aka yardar masa bai wuce awa 20 a mako ba lokacin zangon karatu, a cikin makaranta, kuma wannan ba ya biyan haya a Washinton. Masu cewa "in ya je zai nema" su ne ke jefa yaro cikin bashi tun zangon farko. Ɗakunan kwana ma ba su wadata ba; a 2021 ɗalibai sun yi zaman dirshan fiye da wata guda a ginin Blackburn saboda lalacewar ɗakuna.

Sai abin da na san shi ne ainihin damuwarku a gida, wato aure da Hausanci. Gaskiya ne, wasu cikin yaranmu suna auren baƙaƙen Amurka. To Yaya, a cikinsu akwai waɗanda kakanninsu ma Musulmi ne, ga Masallacin Muhammad can kusa da jami'ar, su suka gina shi. Waliyyi, sadaki da shaidu babu wanda muke tsallakewa, sai dai a ƙara da takardar aure ta kotu. Amma a tsare mutum da "ɗan wane ne, ina asalinsa", alhali bauta ce ta yanke masa asalin, wannan kam ku riƙa sassautawa.

Hausa kuwa ba Howard ke ƙwace ta ba. Yaron da ta kuɓuce masa, tun yana firamare ta kuɓuce, a gidan da uwa ke magana da Hausa ana amsa mata da Turanci, ba a ce uffan ba. A jami'ar ma sau da yawa akasin haka ake gani. Abokai na tambayar yarinya wane yare take ji, ina garinsu, sai ka ga wadda a da take ɓoye ƙunshinta ta dawo hutu tana neman atamfa da dambun nama. Bikin tsofaffin ɗalibai na watan Oktoba akwai kiɗa da holewa, ba ma ɓoyewa. Shi ya sa muke haɗa yaro da ƙungiyar ɗalibai Musulmi tun makon farko, a kuma bincika batun naman halal da abincin sahur kafin a biya kuɗin cin abinci.

In ɗan wajenka na so, ya fara haɗa takardu shekara guda kafin watan Agustan da zai shiga. A gaida Hajiya da yara.